Zauren Baje Kolin Fasaha a Birnin Shehu: Amsa Ga Masu Cewa Ba Namu Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan mutane da yawa a Sakkwato, har ta kai ana faɗinta ba tare da an nemi hujja ba. Da zarar an tayar da zancen samar wa birnin nan zaure na jama'a, inda za a riƙa baje kolin zane-zane da ayyukan hannu na masu fasahar yankinmu, a karɓo na wasu ƙasashe mu gani, a kuma kai namu can su gani, sai ka ji an ce, "Wannan ai ba namu ba ne."

Ya kamata a fara shimfiɗa maganar yadda masu ita suke nufinta, domin ba adalci ba ne a yi wa mutum raddi a kan abin da bai faɗa ba. Suna cewa rataye zane a bango a taru ana kallo al'adar Turawa ce, wadda ta samu gindin zama a Legas saboda daɗewar cuɗanya. Mu kuwa gadonmu tawada ne da alƙalami. Suna cewa addini ya yi gargaɗi mai tsanani game da sura, kuma bai dace a buɗe wannan ƙofa a birnin Mujaddadi ba. Suna cewa in don adana kayan gado ne, ai muna da gidan tarihi. Suna cewa jihar da ke fama da talauci da ta'asar 'yan bindiga ba ta da kuɗin kashewa a kan ƙawa. Daga ƙarshe suna tsoron kada hulɗa da ƙasashen waje ta shigo mana da abin da zai gurɓata tarbiyya, ta kuma fice da ɗan abin da ya rage mana.

Masu wannan ra'ayi ba maƙiyan ci gaba ba ne. A cikinsu akwai malamai, akwai 'yan boko, akwai iyaye, kuma kishin addini da tausayin talaka ne ke sa su magana. Don haka sun cancanci amsa ta tsanaki, ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, aikin hannun mutanen ƙasar nan ya daɗe da shiga manyan zaurukan duniya, da saninmu ko ba da saninmu ba. Mu ne kawai ba mu tanadi wurin da za mu dube shi, mu san masu yinsa, mu yi bayaninsa da bakinmu ba.

Mu fara da batun gado. An ce gadonmu tawada ne da alƙalami. Haka ne, kuma wannan ita ce hujjata ta farko. Ɗan'uwa, ɗauko Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alarammomi ke rubutawa da ka, ka buɗe shi a natse. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigo ne mai ruwan ɗorawa, ga ɗigon kore a kan alifin sadarwa. Ƙarshen aya yana da alamarsa, kumsa tana da tata, kuri yana da tasa. A gefen shafi, duk inda sumuni ko rubu'i ko izu ya faɗo, za ka tarar da da'ira cike da layuka masu ratsa juna, kuma da wuya ka samu biyu iri ɗaya a littafin gaba ɗaya. A wasu wuraren shafi guda sukutum ake bar wa zayyana, babu harafi ko ɗaya, sai murabba'i cikin murabba'i, ja da rawaya da baƙi suna amsa wa juna. Wanda ya yi wannan ya auna, ya zaɓi launi, ya san inda ido zai huta. Sannan baduku ya yi wa littafin tadarishi, ya ɗinka masa gafaka. Haka nan allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar karatu. Duk wanda ya ce mutanen da suka yi waɗannan ba su san fasahar ido ba, bai dube su da kyau ba.

Je ka wurin majema ka ga yadda ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato: a jiƙa, a tuge gashi, a jeme da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Ɗaruruwan shekaru fatake suna ƙetare Sahara da irin wannan fata zuwa Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Masu ɗaure littattafai masu tsada a Ingila sun daɗe suna nemanta saboda ƙarkonta da laushinta. Aiki namu, suna na wani. Abin da ke samun mutanen da ba su da wurin gabatar da kayansu da sunansu ke nan.

Magabatanmu kuwa ba su raina masu aikin hannu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin nan a 1809, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba: maƙera, maɗinka, marina, masassaƙa da sauransu, a ƙarfafa musu gwiwa, a tabbatar kowane gari yana da nasa. A 1824, lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya tarar ana gina masallaci da dukiyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ya rubuta cewa babban maginin mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya je Masar ya koyo dabarun gini, ya rasu ya bar masa takardunsa. Ke nan kimanin shekara 200 da suka wuce, a tsakiyar zamanin masu jihadi, ana gina ɗakin Allah a Sakkwato da fasahar da aka ɗebo daga wata ƙasa, kuma ba a ga aibin hakan ba. Shi kansa Bello ya ba baƙon taswirar ƙasashen wannan yanki, aka buga ta a Landan a 1826.

A 1976, lokacin wani babban bikin nuna wayewar Musulunci da aka yi a Landan, an ware baje koli guda domin fasahar Hausawa kaɗai a Cibiyar Kwamanwel. David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ya tsara shi: manyan riguna masu aska, huluna, kayan fata, ƙore, zayyana, adon bango. Abin lura shi ne, a matsayin wani reshe na fasahar Musulmi aka gabatar da su. Mutanen Landan sun ga kayanmu a jere, an haskaka su, da bayani a ƙarƙashin kowanne. Shin yaron da aka haifa a Kanwuri ko Mabera ko Runjin Sambo bai fi su cancantar wannan kallo ba?

Sai batun addini, wanda shi ne mafi nauyi, kuma ba a wasa da shi. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim, babu Musulmin da zai yi musunsu. Amma a cikin waɗannan littattafan ne kuma aka ruwaito cewa wani mai zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, yana neman fatawa a kan sana'arsa. Sahabin ya faɗa masa gargaɗin yadda yake, sannan ya nuna masa mafita: ya riƙa zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Bai umurce shi da ya jefar da kayan aikinsa ba. Iyaka ya shata masa. Malaman Malikiyya, mazhabar da Shehu da almajiransa suka ginu a kanta, sun ƙara fayyacewa. Abin da suka tsaya a kan haramcinsa shi ne mutum-mutumin abu mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, mai inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa kuwa hukuncinsa bai kai can ba a wurinsu, ko da yake malaman wasu mazhabobin sun tsananta a kansa. Yanke hukunci aikin malamai ne, kuma nasu za a bi. Amma ko da mun ɗauki ra'ayi mafi tsanani, dubi faɗin filin da ya rage: rubutu, zayyana, siffofin lissafi, tsirrai, sararin samaniya, gulbi da fadama, gine-gine, saƙa, rini, ɗinki, ƙira, dukanci. A wannan filin ne Musulmi suka gina fasahar da duniya ke tururuwar kallo daga Andalus har Santambul.

Ba sai mun koma nesa cikin tarihi ba. A Janairun 2023 aka buɗe babban baje kolin fasahar Musulunci a Jidda, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. Wurin da aka zaɓa masa shi ne harabar saukar alhazai ta filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, ƙarƙashin manyan rumfunan nan da alhazanmu suka sani. An haɗa tsofaffin Alƙur'anai da kayan Harami biyu da sababbin ayyukan masu fasahar wannan zamani daga ƙasashe daban-daban. A karo na biyu, a 2025, an baje cikakkiyar rigar Ka'aba, an kuma kawo littattafai daga Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu. A Santambul, cibiyar binciken tarihi da fasaha ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi tana shirya gasar kyawun rubutu ta duniya tun 1986. A Doha an buɗe gidan fasahar Musulunci a 2008. Ban kawo waɗannan don su zama hujjar shari'a ba, domin aikin wata ƙasa ba ya halatta haram. Na kawo su ne don a ga cewa zauren fasaha da kiyaye iyakokin Allah suna iya zama a inuwa ɗaya, kuma Musulmi masu kishin addininsu sun riga sun gwada.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai kishin tarbiyya ya auna. Zaure na jama'a yana da shugabanni, yana da ƙa'ida, ana iya sa malamai cikin kwamitin da ke tantance abin da za a rataye, kuma in an yi kuskure an san wanda za a tuhuma. Hotunan da ke kwarara cikin wayoyin 'ya'yanmu dare da rana kuwa ba sa neman izinin kowa. Idan ana tsoron abin da ido ke gani, to sai a tarbiyyantar da idon, a saba masa da kyakkyawa mai tsabta tun yana ƙarami, domin ya iya rarrabewa idan ya girma.

Na uku, an ce muna da gidan tarihi. Muna da shi, muna kuma alfahari da shi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, tun daga shekarun 1970, tana riƙe da rubuce-rubucen masu jihadi da wasiƙun sarakuna da makamai da kayan sarauta, masu bincike daga nesa da kusa suna zuwa suna amfana. Amma aikinta daban ne. Gidan tarihi yana tsare abin da magabata suka bari. Zauren fasaha kuwa yana kula da mai aikin da ke raye, wanda ko yau da safe ya zauna gaban allonsa ko ƙirginsa, yana neman wanda zai duba, ya yaba, ya gyara masa, ya saya. Al'ummar da ta tsaya ga adana na jiya kawai, ba ta buɗa wa na yau ba, jikokinta za su zo su tarar zamaninta bai ƙara komai a kan abin da ya gada ba.

Masu fasahar kuwa muna da su, suna ne ba mu ba su ba. Ga mai zanen allunan shaguna a Babbar Kasuwa, ga mai yi wa manyan motoci ado, ga yarinyar da ke zana lalle a hannun amarya ba tare da ta duba komai ba, ga matar da ke cikin gida tana ɗinkin hula ko saƙar faifai, ga saurayin da ke tsara katin biki a kwamfuta, ga ɗalibin da ya karanta zane a kwaleji ya dawo ya rasa inda zai nuna abin da ya koyo. Mutum ya sa babbar riga mai aska takwas, wadda ta ci wa wani watanni yana duƙe a kanta da allura, a yi ta yaba wa mai sanye da ita, babu wanda zai tambayi wa ya zana ta, wa ya ɗinka. Aikin farko na zauren shi ne ya rubuta sunan mai aiki a ƙarƙashin aikinsa. Wannan ba wa mai haƙƙi haƙƙinsa ne.

Wasu kan ce fasahar zamani kwaikwayon Turawa ce kawai. A cikinta akwai mai kyau akwai maras kyau, kamar kowace sana'a, amma tarihinta a nahiyarmu ya nuna akasin wannan zargi. A 1958, a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ƙi yarda a koya musu zane irin na Ingila tsantsa. Suka ce kowa ya koma ga gadon gidansu, ya haɗa shi da dabarun zamani. Daga ƙasar Hausa wannan yunƙuri ya tashi, ya sauya fuskar fasahar Nijeriya. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malami mai makarantar allo a Omdurman, ya ɗebo siffofin zanensa daga baƙaƙen Larabci da adon allo, kuma a 2013 gidan fasaha na Tate Modern a Landan ya ware masa baje kolin ayyukan rayuwarsa. Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari, an baje aikinta a Landan tun ƙarshen shekarun 1950, yau hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Kusa da mu ma, a ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya ci gaba da ƙara masa hasumiyoyi da ado shekara da shekaru, har masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, a wannan jihar ta Tawa, mai tsara gine-gine 'yar Nijar Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa tare da maginan gargajiya, aka kammala a 2018. Waɗannan duka ayyukan zamani ne, kuma babu ɗaya daga cikin masu su da ya watsar da gadon gida. Maƙwabtanmu ne, harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Duniya ta san aikinsu, mu da ke kusa ba mu da wurin da za mu nuna wa maginanmu ko da hotunansa.

Na huɗu shi ne talauci da rashin tsaro. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya san halin da mutanen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo suke ciki ba zai raina ta ba. Da za a ce a zaɓa tsakanin asibiti da zauren zane, asibiti ne a gaba, babu ja. Amma ba wannan zaɓin ne ke gabanmu ba, domin ba katafaren bene na biliyoyi ake nema ba. Ɗaki mai faɗi cikin gine-ginen da ake da su, haske mai kyau, mai gadi, rajista, ma'aikata kaɗan masu horo, da shirin nuni uku ko huɗu a shekara, sun isa a fara.

Sannan fasaha sana'a ce, hanyar cin abinci ce. Fatar da aka sayar ɗanya ko rabin jima kuɗinta kaɗan ne. Wadda ta zama jaka ko takalmi ko tumtum mai kyakkyawan tsari, da sunan mai yi a jiki, kuɗinta ninkin ba ninki ne. Bambancin yana cikin zane, da iya gama aiki, da sanin abin da mai saye na nesa yake so, waɗannan kuwa ba a koyonsu sai da ganin aikin wasu. Gani ya kori ji. Badukun da ya riƙe jakar Fas ko sirdin Agadas a hannunsa ya juya ta gaba da baya ya ƙaru da abin da bayanin shekara ba zai ba shi ba. A Yamai, Gidan Tarihi na Ƙasa na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, ya tanadar wa masu sana'a rumfuna a cikin harabarsa: maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban baƙi, suna sayarwa, suna koya wa yara. Nijar ba ta fi mu wadata ba, amma ta gane cewa wurin nuni da kasuwa suna taimakon juna.

Mun ma ga irin wannan a ƙofar gidanmu. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Bikin ya jawo baƙi daga ko'ina, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Taron al'ada ya ɗinke ɓaraka, ya kuma kawo ciniki. Ba na cewa zauren zane zai kawo ƙarshen ta'addanci. Ina cewa saurayin da hannunsa ke da sana'a, ake kiran sunansa a bainar jama'a saboda ita, yana da mutuncin da zai tsare, kuma ba shi da saurin amsa kiran ɓata-gari.

Na biyar shi ne tsoron baƙi. Batun sata gaskiya ne, sai dai a duba ta inda ɓarawon ya shigo. A shekarun 1990 masu haƙar sata suka yi ta tono tsofaffin siffofi na gasasshen yumɓu a yankunan Nok, Katsina da Sakkwato, ana fita da su. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, ta yi kira kada kowa ya saya. A wannan shekarar ce kuma aka baje uku daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre a Faris, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, bayan Faransa ta saye su daga hannun wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Ko mene ne ra'ayin mutum game da irin waɗannan siffofi na mutanen da suka shuɗe tun kafin isowar Musulunci, shaidar tarihin ƙasarmu ce, kuma ba ta hanyar baje koli suka fita ba. Sun fita ne a ɓoye, daga ƙasar da babu wanda ya rubuta su a rajista. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A kwatanta wannan da abin da ya faru a 2019, lokacin da Jami'ar Northwestern ta Amurka ta shirya baje koli a kan cinikin zinariya ta Sahara, wanda daga baya ya wuce Toronto. Cikin kayan da aka nuna har da kayan ado na zinariya da aka tono a Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. Hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ce ta ba da su aro, da yarjejeniya a rubuce, da sunan ƙasarmu a kansu, mallakarsu kuma tana hannunmu. Abin da aka ƙirga, aka ɗauki hotonsa, jama'a suka san shi, ya fi wuyar sacewa. A 2022 Jamus ta sa hannu a kan mayar wa Nijeriya mallakar kayan tagulla na Binin sama da 1,000. Riguna da kayan doki da kayan fata na ƙasar Hausa suna nan a gidajen tarihi na Turai, kuma hujjar da masu riƙe da irin waɗannan kaya suka daɗe suna fakewa da ita ita ce, masu su ba su da wurin ajiya mai tsaro, ba su da ƙwararrun da za su kula. Duk ranar da za a so kawo su, ko aro ko dawowa, mai wuri da ma'aikata shi za a fara saurara.

Game da abin da baƙi za su shigo da shi kuwa, mai masauki ne ke zaɓen wanda zai gayyata. Kuma ƙasashen waje ba su tsaya ga Turai ba. Daga Illela ka taka ka shiga Ƙonni, ka shiga wata ƙasa ke nan. Tawa, Maraɗi, Damagaram, Agadas, Tambutu, Fas, Alƙahira, da Mai Wurno a Sudan inda zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan 1903 suke zaune, duk tsofaffin hanyoyin malamanmu da fatakenmu ne. Littattafan da aka karanta a Degel da Sifawa ta waɗannan hanyoyi suka zo. Sakkwato ba ta taɓa zama birnin da ya rufe ƙofofinsa ga ilimi ba. Tana karɓa, tana tacewa da ma'aunin shari'a, tana riƙe mai amfani.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha, da Majalisar Sarkin Musulmi, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da hukumar kula da zane-zane ta ƙasa wadda aka kafa a 1993, da attajiranmu, su haɗa hannu a fara da abin da babu saɓani a kansa. Nuni na farko ya zama na rubutu da zayyana, a gayyato alarammomi daga Sakkwato, Kabi, Zamfara, Tawa da Maraɗi, kowa da sunansa da na malamin da ya koya masa. Na biyu ya zama na jima da dukanci, a jera na jiya da na yau, a kawo na Agadas da Maroko a ajiye kusa da namu. Na uku a bar wa matasa su nuna sababbin ayyukansu. A ware ranaku domin mata, a riƙa kawo 'yan firamare da almajirai, a rubuta bayanin kowane aiki da Hausa, boko da ajami.

'Yan'uwana masu ja da wannan magana kuwa, ku ake fi buƙata a cikin aikin. Kishin da ya sa kuke tsoro shi ne zai sa ku iya tsare zauren daga abin da bai dace ba. Ku shigo kwamitinsa, ku shata masa iyaka da ilimi, ku duba abin da za a rataye kafin a rataye. Masu zayyana da dukawa da maɗinka da maginan garin nan 'ya'yanmu ne, sana'arsu halal ce, kuma suna da haƙƙi a kanmu na mu san sunayensu, mu ga aikinsu, mu gabatar da shi ga duniya da kanmu. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya sa albarka a hannun duk mai neman halalinsa.